Lambar Aro Ba Ta Riƙe Taya a Kwana

Rubutun makon nan na faɗa ne, mun kuma faɗa tun da wuri don kada wani ya ce an shammace shi. Da wata ɗabi'a muke faɗan, wadda ta yi katutu tsakanin masu hawa babur a filayen tsere na Turai da Amurka da Afirka ta Kudu, musamman waɗanda ba 'yan gasa ba, masu biyan kuɗi su shiga fili ranar gwaji. Ɗabi'ar ita ce aron lamba. Mutum ya ga wani ya wuce shi kamar yana tsaye, da an fito hutu sai ya bi shi rumfa da sukundireba a hannu: «Maigida, ƙas nawa ka sa a gaba? Nawa a baya?» A ce masa goma sha biyu da takwas. Ya dawo ya murɗa nasa zuwa goma sha biyu da takwas, ya sa hular kwano, ya koma fili da zuciya ɗaya, a ganinsa ya saita babur.

Mu kuwa mun ce bai saita komai ba. Caca ya yi, kuma da fatarsa da ƙashinsa ya yi ta. Babur da ya kwanta a kwana, abin da ke riƙe shi da ƙasa bai fi tafin hannun yaro ba a kowace taya. Duk aikin shoka shi ne ta hana wannan ɗan wuri rabuwa da kwalta. In ta gaza na ƙiftawar ido, mai hawa ne zai biya, ba wanda ya ba shi lambar ba.

Bari mu fara daga tushe saboda waɗanda ba su taɓa leƙa cikin shoka ba. Abu biyu ne ke aiki tare. Na farko sifirin, shi ke ɗaukar nauyin babur da na mai hawa. Amma sifirin ba shi da haƙuri: ka matse shi ya dawo, ya wuce inda ya taso, ya sake lotsawa, ya yi ta rawa. Duk wanda ya taɓa hawa acaɓa mai matacciyar shoka ya san wannan rawa, rami ɗaya za a faɗa amma sai an yi ta lilo har gaban shago na uku. Na biyu shi ne abin da ke tsawata wa sifirin, wato mai da ke cikin bututu, wanda fistan ke tilasta wa bi ta 'yan ƙananan ƙofofi. Wahalar da man ke sha wajen wucewa ita ke cinye ƙarfin motsin ta mai da shi zafi. Wannan muke kira riƙo. Akwai riƙon shiga, lokacin da shoka ke matsewa, akwai riƙon fita, lokacin da take miƙewa.

Yawancin baburan da ke titunanmu ba su da wurin saita riƙo; abin da wasunsu ke da shi shi ne zoben da ake murɗawa a ƙara matse sifirin. Babur na tsere kuwa yana da sukurori, na shiga daban, na fita daban, gaba da baya. A ƙarshen kowane sukuru akwai allura mai tsini da ke shiga wata 'yar ƙofa. Ka murɗa ciki, ƙofa ta tsuke, riƙo ya ƙaru. Ka murɗo waje, ƙofa ta buɗe, riƙo ya ragu. Kowane mataki yana yin ɗan sauti, ƙas, shi ne mutane ke ƙirgawa.

To ga inda gizo ke saƙa. Ƙas ba ma'auni ba ne. Milimita milimita ce a Kano da Tokyo, kilo kilo ne a ko'ina, amma ƙas bai gaya maka komai ba sai cewa allura ta gusa kaɗan. Nawa ta gusa, kuma me gusawar ta haifar, wannan ya danganta da siffar allurar da faɗin ƙofar, kuma kowane kamfani da nasa. Ƙas huɗu a shokar Öhlins daban ne da ƙas huɗu a WP. Wasu shokokin Showa ma ba sa yin ƙas ko kaɗan, zagayen sukuru ake ƙirgawa, rabi ko ɗaya da kwata. Hatta wurin da sukurorin suke ba ɗaya ba ne. A fok na gargajiya, wato ƙafafun nan biyu da ke riƙe tayar gaba, na fita yana sama, na shiga yana ƙasa. A samfurin NIX 30 na Öhlins, ƙafar hagu ce ke riƙon shiga, ta dama ke riƙon fita. Mai aron lamba da bai karanta littafin babur ɗinsa ba yana iya murɗa wanda ba shi ya nufa ba, ya kuma rantse ya ji bambancin da yake nema.

Ko a shoka ɗaya ma, ƙas ɗin ba tsawonsu ɗaya ba. Saboda tsinin allurar, mataki ɗaya kusa da rufewa yana sauya riƙo sosai, mataki ɗaya can kusa da buɗewa kuwa da ƙyar za a ji shi. Daga uku zuwa biyar tafiya ce mai nisa, daga ashirin zuwa ashirin da biyu kusan tsayuwa ce wuri ɗaya. Sannan akwai tambayar da mai aro ba ya yi: daga ina ka fara ƙirga? Ƙa'ida ita ce a murɗa sukuru ciki a hankali har ya tsaya, ba tare da an danne shi da ƙarfi ba don kada bakin allurar ya lalace, sannan a ƙirgo waje. Wanda ya ƙirgo daga buɗe, goma sha biyunsa wani gari ne daban.

Sai maganar mai. Kaurin man da ke cikin bututu shi ne rabin labarin, kuma lambar da ke jikin gwangwani, irin su 5W, ba ta da ma'ana ɗaya a tsakanin kamfanoni; 5W na wani ya fi na wani kauri nesa ba kusa ba. Man yana tsinkewa da zafi, yana lalacewa da tsufa. Shokar da aka auna da sanyin safiya ba ita ce za ta yi zagaye na goma da rana tsaka ba. Shokar baya tana da iskar naitirojin da aka matse a ciki don hana man yin kumfa. In iskar ta zurare, duk lambar da ka sa ta tashi a banza. Ka haɗa da nauyin mai hawa, ɗaya kilo 60 ɗaya kilo 90, da irin tayarsa, da yadda yake kama birki. A hakan ne wani zai ce mana lamba biyu da ya ji a bakin baƙo sun isa? Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Akwai ƙanwar wannan ɗabi'a, ita ce imanin cewa tauri shi ne gudu. Mutum ya danna babur a rumfa, ya ji ya ƙi motsi kamar benci, sai ya yi murmushi ya ce yanzu ya zama na tsere. Wannan kuskure ya samo asali ne daga rashin gane irin saurin da ake magana a kai. Riƙo bai san gudun babur ba, saurin motsin fistan kawai ya sani. Mai hawa da ya sauko miƙaƙƙen layin Mugello a Italiya, inda Brad Binder ya kai kilomita 366.1 a awa a 2023, ya kama birki, fok ɗinsa a hankali yake nutsewa in aka kwatanta da na wanda ya taka gargada mai kaifi yana tafiyar kilomita 60. Sukurorin nan sun fi tasiri a kan motsi na a hankali, irin na birki da kwanciya da buɗe totur. Motsi mai sauri kuwa wasu siraran faya-fayan ƙarfe ne a jikin fistan ke kula da shi, suna lanƙwashewa su ba man hanya, kuma ba a taɓa su sai an kwance shoka.

In ka tsuke riƙon shiga fiye da kima, taya ba ta samun damar hawa tudu ta sauka, sai ta yi tsalle a kansa, tayar da ke sama kuwa ba ta birki ba ta kwana. In ka tsuke riƙon fita, abin ya fi muni don ba ya nuna kansa da wuri. Shoka ta matse a gargada ta farko, kafin ta gama miƙewa ta biyu ta zo, ta ƙara matsewa, ta uku ta zo, har ta tattare can ƙasa babu sauran wurin motsi. Mai hawa zai ji babur ya yi tauri, kuma sau da yawa sai ya ɗauka riƙon shiga ne ya yi yawa, ya je ya sassauta wanda ba shi da laifi. A ɗaya ɓangaren, in riƙo ya yi kaɗan, babur zai yi ta lilo a tsakiyar kwana, ya buɗe layi ya nufi bakin fili. Tsakanin waɗannan biyun akwai wuri mai kyau, kuma ba a jin labarinsa a bakin wani.

Wanda ke ganin mun cika baki, ya dubi abin da ya faru a Ducati, inda ake da kuɗi da injiniyoyi da kwamfutocin da ke naɗar kowane motsi na shoka. Casey Stoner ɗan Ostireliya ya ci kambun duniya na MotoGP a kan Ducati a 2007 da nasara goma. A 2008 ya zo na biyu, abokin hawansa Marco Melandri, a rumfa ɗaya da babur iri ɗaya, ya ƙare na 17. Babu wata lamba ta Stoner da aka ɓoye wa kamfanin da ya ƙera babur ɗin. Da lamba tana ɗaukar gudu daga mutum zuwa mutum, da an kwafe ta an huta. A 2011 Valentino Rossi, mai kambun duniya tara, ya hau babur ɗin tare da babban makanikinsa Jeremy Burgess, mutanen da suka koma Yamaha a 2004 suka ci tseren farko a Welkom ta Afirka ta Kudu. Shekara biyu suka yi a Ducati ba nasara ko ɗaya, sau uku kacal Rossi ya hau dandamalin ukun farko, alhali Stoner ya ci tsere uku a kan Ducati a 2010. Kukan Rossi shi ne ba ya jin abin da tayar gaba ke yi, kuma maganar ta kai har aka sauya gangar jikin babur ɗin zuwa ta alminiyam. Darasi biyu ke nan: saitin wani na wani ne, kuma akwai ciwon da ba a cikin sukuru yake ba. Jorge Lorenzo ma sai da aka gyara masa siffar tankin mai, ya samu abin dafa jiki lokacin birki, sannan ya ci tserensa na farko a Ducati, a Mugello a 2018.

Kada a ce mun rushe ba mu gina ba. Ga abin da muke kira saiti.

Kafin a taɓa riƙo, a duba iskar taya da sanyinta, a duba ko shoka na yoyo, a tabbata sarƙa ba ta yi tsauri ba, don sarƙar da aka ɗaure tamau tana hana shokar baya motsi. Sannan a rubuta inda kowane sukuru yake a yanzu: a murɗa ciki ana ƙirgawa har ya tsaya, a rubuta, a mayar da shi inda yake. Wanda bai san inda ya taso ba, in ya ɓata ba shi da gidan komawa.

Sai a auna lotsawa, wato nawa babur ke nutsewa in mai shi ya hau. Wannan aikin sifirin ne, kuma shi ne farko, don riƙo ba ya gyara sifirin da bai dace ba. Aikin mutum uku ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mai hawa, mai riƙe babur, mai tef ɗin awo. A ɗaga baya har taya ta bar ƙasa, a auna daga ƙarfen tsakiyar taya zuwa wata alama da aka yi a jikin babur daidai samansa. Sai mai hawa ya zauna da cikakkun kayansa, rigar fata da hular kwano da takalma, ƙafafunsa a kan matakai. A danna baya kaɗan a sake shi ya taso a hankali, a auna. A ɗaga kaɗan a sake shi ya sauka a hankali, a sake aunawa. Dalilin awo biyu shi ne gogayya, wadda ke tsayar da shoka kafin ta kai inda ya kamata. Wannan hanya ce da Paul Thede na kamfanin Race Tech a Amurka ya yaɗa. A misali, in awon farko ya ba da milimita 600, na biyu 568, na uku 572, tsakiyar biyun ƙarshe 570 ne, lotsawa ta zama 30. Tazarar 4 da ke tsakaninsu ita ce gogayyar. In tazarar ta yi faɗi, akwai abin da ke cijewa, a nemi makaniki kafin a nemi sukundireba.

Masu gyaran baburan fili sun saba farawa daga milimita 25 zuwa 30 a baya, 30 zuwa 35 a gaba. Bayan an samu wannan da zoben matse sifirin, a sauke mai hawa a auna lotsawar babur shi kaɗai. A baya ana neman kamar 5 zuwa 10. In kusan babu, sifirin ya yi wa mutumin laushi, an matse shi fiye da kima ne kafin ya ɗauke shi. In ta yi yawa, ya yi masa tauri. A lura, matse sifirin ba ya ƙara masa tauri, tsayin babur kawai yake sauyawa. Mai nauyin da sifirin bai ɗauka ba, sabon sifirin zai saya.

Daga nan a ɗaura ɗaurin roba, irin wanda ake haɗe wayoyin lantarki da shi, a jikin bututun fok. Duk inda fok ya nutse zai ture shi ya bar shi a can. Fok na irin waɗannan babura yana da tafiyar kusan milimita 120. In an dawo an tarar da ɗaurin a can ƙarshe, fok yana dukan ƙasa. In ya tsaya da sauran tafiya mai yawa bayan an kama birki na gaske, akwai abin da ke hana shi aiki. Shaida ce da ba ta son kai, kuɗinta kuma bai kai na kofin shayi ba.

Sai yanzu ne za a taɓa riƙo, kuma sukuru ɗaya a kowace fita. A gusa shi ƙas biyu ko uku, yadda za a ji bambanci, a yi zagaye biyar ko shida da gudu iri ɗaya, a dawo a rubuta: wane sukuru, daga nawa zuwa nawa, ƙarfe nawa, yanayin zafi, iskar taya, lokacin zagaye, da abin da aka ji. Kuma «bai yi daɗi ba» ba bayani ba ne. A wace kwana? Wajen shiga da birki, ko tsakiya, ko wajen fita da totur? Gaba ne ko baya? Ku da kuka san darajar alƙalami ba sai an gaya muku ba, jimlar da ba ta faɗi wuri da lokaci ba ba ta taimaki kowa. In sauyin ya ɓata, a koma inda aka taso a gwada ɗaya gefen. Wanda ya murɗa sukuru huɗu lokaci ɗaya, ko ya dace bai san wanne ya yi aikin ba, gobe in zafi ya sauya sai ya sake lalube.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce ai dole a fara daga wani wuri, kuma lambar gwani ta fi rashin lamba. Mun yarda da rabin farko. Amma wurin farawa yana cikin littafin babur ko takardar da ta zo da shokar, lambar da waɗanda suka ƙera allurar suka gwada a kan wannan allurar. In kuma gwani zai taimaka, ya zo ya danna babur ɗinka, ya dubi yadda tayarka ke cinyewa, ya yi maka tambayoyi. Wannan koyarwa ce, muna maraba da ita. Wanda ya jefo maka lamba daga nesa bai san kilonka ba, ya raba ka da shi ne kawai.

Za a ce awo na gaskiya sai da injin gwajin shoka, mai motsa ta da sauri daban-daban yana zana ƙarfin riƙonta, ko na'urorin da ake liƙawa a babur su naɗi tafiyar shoka a duk zagaye, kuma talaka ba shi da su. Gaskiya ne, su ne ke ba da ainihin ƙarfin riƙo. Amma rashin sikelin zinariya bai sa a daina auna hatsi da mudu ba. Tef da ɗaurin roba da agogo da littafi suna hannun kowa, kuma sun isa su hana mutum yaudarar kansa.

Za a ce jin jiki ya fi awo, manyan mahaya da jikinsu suke gane babur. Ba mu ƙi ba, mu ma cewa muka yi a rubuta abin da aka ji. Amma jiki yana ƙarya. Mutumin da ya murɗa sukuru da hannunsa yana son ya ji ya yi daidai, kuma zagayensa na yamma kan fi na safe sauri don kawai ya saba da filin. Littafi ne ke raba abin da sukuru ya yi da abin da sabo ya yi.

Za a kuma ce zamani ya wuce wannan, tun 2012 BMW ta fito da HP4 mai shokar da kwamfuta ke saita riƙonta ana cikin tafiya. Haka ne, kuma ta rage wahala. Amma kwamfuta ba ta sauya sifirin, ba ta ƙara iskar taya, ba ta sabunta tsohon mai. A MotoGP ma doka ta hana shoka mai sarrafa kanta da lantarki, har gobe mutum ne ke durƙusawa da kayan aiki da takarda a gefen babur mafi tsada a duniya.

Saboda haka muna tsaye a kan bakanmu. In ka ga wanda ya fi ka gudu, tambaye shi inda yake fara birki, tambaye shi inda yake kallo in ya shiga kwana, roƙe shi ya riƙe maka babur ka auna lotsawarka. Ƙas ɗinsa kuwa ka bar masa kayansa. Wanda ke da ja, fili a buɗe yake har mako mai zuwa, sai dai muna roƙo ya zo da awonsa a rubuce. Mu kwana nan.